Majami'ar Notre-Dame ta Paris: an tada gini, gardamar kuɗi da ta gado ba ta kwanta ba

Shekara guda bayan sake buɗe majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris, masu kula da ita sun ce mutane fiye da miliyan 11 ne suka shiga cikinta. Ranar 7 ga watan Disamban 2024 ne babban bishop na Paris, Laurent Ulrich, ya ƙwanƙwasa ƙofarta da sandarsa a gaban shugabannin ƙasashe da dama, ciki har da Donald Trump da aka zaɓa lokacin a Amurka da Volodymyr Zelensky na Yukren. Shekara biyar da kusan wata takwas ke nan bayan gobarar 15 ga watan Afrilun 2019 da ta cinye rufinta.

Gyaran ya burge duniya, amma ya bar tambayoyi uku a buɗe. Wa zai ɗauki nauyin kula da irin wannan gini, gwamnati ko coci ko masu yawon buɗe ido? Shin shugaban ƙasa yana da ikon cire tsoffin tagogin da wuta ba ta taɓa ba don a sa sababbi? Kuma me ya tada gobarar tun farko? Mai karatu a Maraɗi ko Tawa zai iya cewa mece ce haɗinmu da cocin Faransawa, ga shi sojojinsu sun bar Nijar tun Disamban 2023, ofishin jakadancinsu ma a rufe yake. Haɗin shi ne wata uku kafin a buɗe Notre-Dame, ruwan sama ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram. Yadda ake riƙe tsohon wurin ibada kar ya faɗi matsala ce da ta shafi kowa.

Ginin da ya ci kusan shekara 180

Ma'anar Notre-Dame ita ce Uwargijiyarmu, wato Nana Maryam mahaifiyar Annabi Isa, kamar yadda mabiya ɗarikar Katolika ke kiranta. Majami'ar tana kan wani tsibiri a tsakiyar kogin Seine, inda birnin Paris ya samo asali. A dandalin da ke gabanta akwai wata alama a ƙasa, daga nan ake ƙidayar kilomita zuwa sauran garuruwan Faransa.

Bishop Maurice de Sully ne ya fara aikin a 1163, zamanin sarki Louis na 7. An keɓe babban bagadin ibada a 1182, aka shiga ginin fuskar yamma wajajen 1200, hasumiyoyin biyu suka kammala wajajen 1250. Ba a gama sauran aikin ba sai 1345. Wanda ya aza tubalin farko bai ga ƙarshen ginin ba, jikokinsa ma ba su gani ba. Tsawon majami'ar ya kai mita 127, faɗinta mita 48, hasumiyoyin suna da tsayin mita 69, rufin dutse na ciki kuma yana sama da kan mutum da mita 33.

Matsalar maginan wancan zamani ita ce wadda kowane magini ya sani: bango mai tsawo yana son kauri, bango mai kauri kuma yana hana haske. Sun warware ta da dabaru uku. Na farko baka mai tsini a sama, wadda take sauke nauyi ƙasa maimakon ta tura shi gefe. Na biyu haƙarƙarin dutse da ke gittawa a ƙarƙashin rufi, yana tattara nauyin zuwa kan ginshiƙai. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a zauren sarki ya ga bakan gizo ko ɗaurin guga na azara da laka zai gane tunanin nan take. Na uku tokarai na dutse da ke tsaye a waje, suna miƙo hannu suna dafe bangon kar ya buɗe. Da nauyi ya bar bango, sai aka samu damar huda shi a sa manyan tagogi.

Masana tarihin gine-gine da dama suna nuna cewa baka mai tsini ta daɗe a ƙasashen Musulmi kafin ta shiga Faransa. Masallacin Ibn Tulun na Alƙahira, wanda aka gama a 879, cike yake da ita, kusan shekara 300 kafin a fara Notre-Dame. Ana ganin ta bi hanyar fatake da magina ta tsibirin Sisili da kudancin Italiya. Abin da Faransawa suka ƙara shi ne haɗa ta da haƙarƙari da tokarai har aka samu salon da ake kira gotik.

Gobarar ma ta tona wani sirri. Da rufi ya ƙone, masu bincike sun ga manyan maƙalan ƙarfe da aka ɗaure duwatsun sama da su, suka auna shekarunsu, suka tarar wasu tun shekarun 1160 aka ƙera su. Ashe tun ran gini ran zane: maƙera suna tare da magina tun farkon aikin.

Littafin waɗanda ba su iya karatu ba

A ƙarni na 13 yawancin mutanen Paris ba su iya karatu ba, don haka aka sassaƙa musu wa'azi a jikin dutse. Fuskar majami'ar tana da ƙofofi uku. Ta tsakiya tana nuna ranar tashin ƙiyama: matattu suna fitowa daga kaburbura, Mala'ika Mika'ilu yana riƙe da ma'auni yana auna rayuka, shaiɗan yana ƙoƙarin danne gefe ɗaya. Cikin waɗanda ake ja zuwa wuta da sarƙa akwai masu rawanin sarauta da manyan coci. Ƙofar hagu ta Nana Maryam ce, ta dama kuma ta mahaifiyarta Hannatu.

Abin da aka fi sani a cikin ginin shi ne tagogi uku masu kama da fure, na gilashi mai launi. Ta yamma ita ce mafi tsufa, wajajen 1225. Ta arewa da ta kudu, waɗanda Jean de Chelles da Pierre de Montreuil suka tsara tsakanin 1250 da 1260, kowace faɗinta ya kusa mita 13. Ta arewa ta riƙe yawancin gilashinta na asali, tana nuna annabawa da sarakunan Bani Isra'ila kewaye da Maryam da ɗanta. Ana samun launin ne ta hanyar zuba garin ƙarfe daban-daban cikin narkakken gilashi, a yanka ƙanana, a haɗa su da zaren dalma. Duka ukun sun tsira daga gobarar.

Akwai kuma manyan zane-zane da ƙungiyar maƙeran zinariya ta Paris ke bayarwa kyauta kowace ranar 1 ga watan Mayu tsakanin 1630 da 1707. Guda 76 aka yi, 13 daga ciki suna rataye a majami'ar yau, sauran sun bazu a gidajen tarihi da wasu coci-coci. Bayan bagadi akwai sassaƙen marmara na Nicolas Coustou, Maryam rungume da gawar ɗanta bisa aƙidar Kirista, wanda aka yi don cika alwashin da sarki Louis na 13 ya ɗauka a 1638. Babban kayan kiɗan majami'ar mai busa da iska yana da bututu kusan 8,000, babbar ƙararrawarta mai suna Emmanuel kuma nauyinta tan 13 ne. Abin da Kiristoci suka fi darajantawa shi ne wani kambin ƙaya da suka yi imani an ɗora wa Annabi Isa, wanda sarki Louis na 9 ya saya da tsada daga sarkin Konstantinoful, Istanbul ta yau, ya iso Paris a 1239.

Ba wannan ne karon farko da ta kusa mutuwa ba

Lokacin juyin juya halin Faransa, a 1793, masu tawaye sun ga mutum-mutumi 28 jere a fuskar ginin, suka ɗauka sarakunan Faransa ne, alhali sarakunan Yahudiya ne na Littafi Mai Tsarki. Aka sauko da su aka fille musu kai. Sai a 1977, ana haƙa a harabar wani banki a Paris, aka ci karo da kawuna 21 a binne. Suna gidan tarihi na Cluny yanzu. A waɗannan shekarun an hana ibada a majami'ar, aka mai da ita wurin bikin bautar hankali, daga baya ta zama ɗakin ajiyar giya. An maido ta ga coci a 1802, Napoleon ya naɗa kansa sarki a cikinta ranar 2 ga Disamban 1804, a gaban Fafaroma Pius na 7.

Duk da haka ginin ya ci gaba da lalacewa, har marubuci Victor Hugo ya fitar da littafinsa mai suna Notre-Dame de Paris a 1831. Littafin ya samu karɓuwa, ya sa mutanen gari suka ji kunyar halin da majami'ar ke ciki. Daga 1844 zuwa 1864 aka yi babban gyara ƙarƙashin Jean-Baptiste Lassus da Eugène Viollet-le-Duc. Shi Viollet-le-Duc bai tsaya ga gyara ba. Ya sake sassaƙa sarakunan da aka fille, ya ƙirƙiro dodannin dutse da ke leƙen birni daga saman hasumiya, ya kuma gina sabon tsini mai tsayin mita 96, wanda Faransawa ke kira kibiya, a madadin na asali da aka sauke a ƙarshen ƙarni na 18.

Wannan yana da muhimmanci ga gardamar yau. Kibiyar da duniya ta kalla tana faɗuwa a 2019 ba ta kai shekara 170 ba, kuma mutum ɗaya ne ya tsara ta yadda ya ga dama. Abin da wani zamani ya kira ƙari, zamani na gaba ya kira shi gado.

Rabin awar da aka rasa

Ranar Litinin 15 ga Afrilun 2019, wajen ƙarfe 6 da minti 20 na yamma, ƙararrawar gobara ta yi ƙara ana tsakiyar ibada. Mai gadin da aka tura ya duba saman wani ɗaki na gefe maimakon saman babban zauren. Kafin a gane kuskuren kusan rabin awa ta wuce. Ƙarƙashin rufin dalma akwai katakai busassu na ƙarni na 13, masu yawan da ya sa ake kiran wurin daji. Babu bangon tare wuta, babu bututun fesa ruwa. Kafin ƙarfe 8 kibiya ta karye, ta huda rufin dutse.

Ƴan kwana-kwana ɗaruruwa sun kwana suna aiki. Shawarar da ta ceci ginin ita ce tura wata tawaga cikin hasumiyar arewa, inda wuta ta fara kama katakan da ke riƙe da ƙararrawa. Da ƙararrawar sun faɗo, da hasumiyar ta bi su, da ta ja sauran ginin. Ba a rasa rai ba. An fitar da kambin ƙaya hannu da hannu. Mutum-mutumi 16 na tagulla da ke gindin kibiya kuwa an sauke su don gyara kwana huɗu kacal kafin gobarar.

A daren nan jita-jita ta cika intanet cewa Musulmi ne suka sa wutar. Mai gabatar da ƙara na Paris ya ce babu abin da ke nuna ganganci. Masu bincike sun fi karkata ga haɗuwar wayoyin lantarki ko guntun sigari, kasancewar ana aikin gyara a rufin, kuma har yau ba a gurfanar da kowa ba. Faransawa da yawa suna ganin wannan shiru a matsayin babban giɓi: an kashe ɗaruruwan miliyoyi wajen gyara, amma babu wanda ya amsa laifin sakacin da ya bar gini irin wannan da tsarin tsaro mai rauni haka.

Miliyar 555 cikin ƴan kwanaki

Washegarin gobarar, shugaba Emmanuel Macron ya yi alkawarin sake ginawa cikin shekara biyar. Masana da yawa sun ce ba zai yiwu ba. Ya naɗa wani janar mai ritaya, Jean-Louis Georgelin, ya jagoranci hukumar aikin. Janar ɗin ya rasu a hatsarin hawan dutse a watan Agustan 2023, mataimakinsa Philippe Jost ya ƙarasa.

An tara euro miliyan 846, kimanin miliyar 555 na sefa, daga masu bayarwa 340,000 a ƙasashe 150. Mafi yawan kuɗin daga hannun attajirai kaɗan ya fito. Iyalan Bernard Arnault da kamfaninsu LVMH sun yi alkawarin miliyan 200, iyalan Bettencourt da L'Oréal miliyan 200, iyalan Pinault miliyan 100, kamfanin mai na Total miliyan 100. Lokacin kuwa Faransa tana cikin zanga-zangar masu rigunan ɗorawa kan tsadar rayuwa. Ƙungiyoyin ƙwadago da masu taimakon marasa gida suka tambaya: in ana iya samun wannan kuɗi cikin kwana biyu saboda dutse, me ya hana a samu saboda mutane? Matsin ya sa wasu attajiran suka ce sun yafe rangwamen harajin da doka ta ba masu kyauta.

Aikin ya ci kusan euro miliyan 700. Ragowar, wajen miliyan 140, an ware ta ga gyaran bayan ginin da tokaransa, waɗanda suka tsufa tun kafin gobara. A nan akwai abin lura. Kafin 2019 masu kula da majami'ar suna faɗi-tashi wajen neman kuɗin gyara, har sun kafa gidauniya a Amurka don roƙon taimako. Kuɗin da aka rasa don rigakafi shi ne ya zubo ninki-ba-ninki bayan wuta ta ci.

Gatari ya dawo

A watan Yulin 2020 aka yanke shawarar maido da rufi da kibiya yadda suke, da irin kayan da aka yi su, bayan an sha muhawara kan ko a sa rufin gilashi ko wani tsini na zamani. Abu biyu ne suka sa hakan ya yiwu.

Na farko, an auna ginin kafin ya ƙone. Wani malamin jami'a, Andrew Tallon, wanda ya rasu a 2018, ya ɗauki siffar majami'ar da na'urar leza, ɗigo bayan ɗigo. Wani matashin mai zanen gini, Rémi Fromont, tare da abokin karatunsa, sun auna katakan rufin ɗaya bayan ɗaya a 2014. Da wuta ta cinye su, zanensu yana nan.

Na biyu, sana'ar ba ta mutu ba. Ma'aikata kusan 2,000 daga kamfanoni kusan 250 ne suka yi aikin: masassaƙa dutse, kafintoci, maƙera, masu rufin dalma, masu gilashi, masu gyaran zane. An sare manyan itatuwa kusan 2,000 na irin itacen nan mai ƙwari da Faransawa ke kira chêne. Katakan babban zauren da gatari aka feƙe su, kamar yadda aka yi shekara 800 da suka wuce, domin gatari yana bin jijiyar itace, zarto kuwa yanke ta yake. Sai da maƙera suka ƙera gatura na musamman saboda aikin. Da yawa daga ma'aikatan sun fito daga tsarin koyon sana'a na Compagnons, inda yaro ke zagaya garuruwa yana aiki ƙarƙashin gwanaye daban-daban na tsawon shekaru. Hukumar UNESCO ta sa wannan tsari cikin jerin al'adun duniya a 2010.

An kwance bututun kayan kiɗan duka an wanke, an goge bangon da ya yi baƙi har ya koma fari. An kuma sa abin da babu a da: bangayen tare wuta a cikin rufi, na'urorin gano zafi, da bututun da ke fesa hazon ruwa. Inda aka fi suka shi ne dalma. Fiye da tan 400 ne suka narke a gobarar, ƙurarsu ta sauka a tituna da makarantu, har aka dakatar da aikin a daminar 2019 don kare lafiyar ma'aikata. Ƙungiyoyi sun shigar da ƙara, amma aka sake rufe ginin da dalma.

Gidan gwamnati, ibadar coci

Dokar 9 ga Disamban 1905, wadda ta raba addini da gwamnati a Faransa, ta cika shekara 120 a 2025. A ƙarƙashin tsarin da ta kafa, Notre-Dame da wasu manyan majami'u 86 mallakar gwamnati ne, dubban ƙananan coci-coci da aka gina kafin 1905 kuma mallakar ƙananan hukumomi ne. Coci tana amfani da su don ibada ba tare da biyan haya ba. Gyaran bango da rufi yana kan mai gida.

Nan ne matsalar take. Magadan gari na ƙauyuka ba su da kuɗin gyara, masu zuwa ibada sun ragu ƙwarai, dubban coci-coci suna neman rushewa. A watan Oktoban 2024 ministar al'adu Rachida Dati ta kawo shawarar a riƙa karɓar euro 5 daga kowane ɗan yawon buɗe ido da zai shiga Notre-Dame, kwatankwacin jika 3 da ƴan kai. Ta ce hakan zai tara euro miliyan 75 a shekara, kusan miliyar 49, a gyara sauran majami'u. Coci ta ƙi. Hujjarta ita ce doka ta ce shiga kyauta ne, kuma babu mai iya tsayawa a bakin ƙofa ya rarrabe wanda ya zo addu'a da wanda ya zo kallo.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. A Italiya da Sifaniya da Ingila ana biyan kuɗi kafin a shiga wasu manyan majami'u, ibada kuma ba ta tsaya ba. A Notre-Dame ma hawa hasumiyoyi, da aka sake buɗewa a watan Satumban 2025, euro 16 ne, domin wannan ɓangaren hukumar gwamnati ce ke riƙe da shi. Amma in aka sa kuɗi a ƙofar wurin ibada, talaka ne farkon wanda zai juya. Zuwa yanzu shiga kyauta ne, kuma ƙananan coci-cocin suna nan suna jira.

Tagogi shida

Gardama mafi zafi ita ce ta tagogi. Macron, da goyon bayan babban bishop, yana son a bar alamar wannan zamani a ginin. An zaɓi ɗakuna shida na gefen kudu, za a cire gilasan da Viollet-le-Duc ya tsara, masu zanen ganye da layuka, a sa sababbi. A watan Disamban 2024 aka zaɓi mai zane Claire Tabouret tare da wani tsohon gidan sarrafa gilashi na birnin Reims. Aikin zai ci kusan euro miliyan 4, an kuma tsara kafa su a ƙarshen 2026.

Abin da ya fusata masu adawa shi ne wuta ba ta taɓa waɗannan tagogi ba, an ma wanke su bayan gobarar. A watan Yulin 2024 hukumar ƙasa mai ba da shawara kan kayan tarihi ta ƙi amincewa da shirin baki ɗaya. Mutane fiye da 200,000 sun sa hannu a takardar koke, wata ƙungiyar kare kayan tarihi ta nufi kotu. Suna kafa hujja da yarjejeniyar Venise ta 1964, wadda ta ce a girmama abin da kowane zamani ya bari a jikin gini. Masu goyon baya suna cewa ai shi kansa Viollet-le-Duc ƙari ya yi, kuma majami'ar da ake ibada a ciki ba gidan ajiyar kayan tarihi ba ce.

A ƙarƙashin maganar gilashi akwai maganar iko. An buɗe Notre-Dame kwana uku bayan majalisar dokoki ta kifar da gwamnatin Michel Barnier. Shugaban da ya rasa rinjaye a majalisa ya samu a wannan gini alkawari ɗaya da kowa ya ga ya cika. Masu sukarsa suna ganin tagogin a matsayin sa hannunsa a bango. In shawarar ƙwararru ba ta hana shugaba yin abin da yake so da ginin da ya fi kowane shahara a ƙasar ba, to ba za ta kare ƙaramin gini daga magajin gari ba.

Daga Paris zuwa Birni

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar 3 ga Satumban 2024, a daminar da ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, masallacin Birni na Damagaram da aka gina da laka a tsakiyar ƙarni na 19 ya zube, mutane suna ɗaukar hoto da wayoyinsu. A daminar nan ruwa ya yi ɓarna a tsohon garin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, inda hasumiyar laka mai tsayin mita 27 take tsaye. Babu attajirin da ya yi alkawarin miliyoyi a daren.

Nijar ba za ta tara miliyar 555 ba, kuma ba ta buƙatar su. Abubuwan da suka ceci Notre-Dame, banda kuɗi, ba su da tsada. Auna gini da zana shi da ɗaukar hotonsa aiki ne da ɗaliban jami'o'in Yamai da Damagaram da Agadas za su iya yi da rani. Gwanayen laka suna nan: Falke Barmu, manomi kuma magini na ƙauyen Yama a jihar Tawa, ya fara masallacin garinsu a 1962, ginin ya ci kyautar Aga Khan ta duniya a 1986. Abin tambaya shi ne yara nawa ke koyon ɗaurin guga a yau, alhali kowa ya koma bulo da kwano. Sannan a san wanda gyara ke kansa. Faransa tana gardama kan kuɗi, amma doka ta faɗi mai ginin. A wurinmu tsohon masallaci yakan tsaya tsakanin fada da limamai da magajin gari da ma'aikatar al'adu, kowa yana zaton ɗan'uwansa ne zai yi yaɓe kafin damina.

Akwai kuma ɓarnar da ba ruwa ko lantarki ke yi ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, a zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, an ƙona gomman majami'u a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu. Kiristocin da aka ƙona wa wuraren ibada ƴan ƙasa ne da maƙwabta, ba su zana komai ba. Malamai da dama sun yi tir da abin, suna tunatarwa da aya ta 40 a Suratul Hajji, wadda ta ambaci majami'u tare da masallatai cikin wuraren da ya kamata a kare daga rushewa.

A Paris, ƙarafan hawa suna nan kewaye da bayan Notre-Dame, aikin zai ɗauki wasu shekaru. A nan gida, akwai watannin rani kafin faɗuwar ruwan farko. Lokacin duba tsagewar bango da gyaran indararo ke nan, a Birni da Agadas da Yama da duk garin da ke da tsohon ginin da ba a so a rasa.